Shekarar da Aka Yi Gwanjon Sunan Inna

Na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa Umma ta yanke zumunci da ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya a kan abin waya, a kan talla, a kan daddawa. Har ɗayanku ya taɓa ce mini, cikin ladabi dai, wai zamani ne ban fahimta ba. To ni na koya wa kawunku Aminu wannan zamanin da hannuna, a kan teburin falona na Durumi, saboda haka kada wanda ya sake kawo mini wannan maganar. Ku karanta yadda aka yi, daga nan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama. Ba roƙon ku goyi bayana nake yi ba. Ina so dai in na kwanta dama, kada labarin da zai rage a gidan nan ya zama na bakinsa kaɗai.

Kakarku Inna Talatu daddawa ta sayar duk rayuwarta a kasuwar garinmu, da ita ta ciyar da mu, da ita ta kai mu makaranta. Lokacin da babanmu ya rasu ta shiga takaba, akwai wata mata da rumfarta ke jikin ta Inna, ita ma daddawar take sayarwa. Kullum da safe matar nan za ta biyo ta gidanmu ta ɗauki kwandon Inna, ta je ta ajiye shi a gaban nata. Wanda ya ce ta Talatu yake so, ta Talatu za ta ba shi. Wanda bai ambaci suna ba ma, sai ta Inna ta ƙare sannan take buɗe nata kwandon. Ba wanda ya yaba mata, don ba abin yabo ba ne a wurinsu. Haka ake yi: in maƙwabcinka na cikin rashi, kai ne mai tsaron rumfarsa. Aminu yana da wayo a lokacin. Shi ake aika da yamma ya karɓo kwandon, saboda haka kada ya ce muku bai sani ba.

Da na yi ritaya daga ma'aikata, na ɗauko Inna na dawo da ita wurina. Ba ta yi wata guda ba ta fara ƙorafin miyar Abuja, wai duk ɗanɗanonta ɗaya, ta gidan biki da ta gidan rasuwa. Wannan ƙorafin ne ya kai mu Sheda, inda har yanzu akwai ɗorawa a gonaki. Can muka haɗu da Saratu, wata Bagbagyiya mai faɗa a ji a cikin matan ƙauyensu, ta tara mana mata masu tara kalwa. Inna ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni kamar wata soja: a dafa har ɓawo ya saki, a wanke, a sake dafawa, a rufe da ganye, kada wadda ta ɗaga murfin don ɗoki. Mu kuma muka ƙara namu, muka shanya, muka niƙa ta zama gari, muka zuba a kwalabe masu jan murfi. Na je ofishin gwamnati na yi wa sunan rajista, Daddawar Inna Talatu. Ranar da na kawo mata kwalbar farko, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Yanzu ke Hauwa, sunan nawa ne kika manna a jikin kwalba kamar maganin tari?"

Na ce, "Inna, da sunanki aka san ta."

"To ki kula. Duk miyar da ta lalace saboda abin da ke cikin kwalbar nan, ni za a zaga, ba ke ba."

Daga shagunan unguwa na kai kayan wani babban kantin intanet, irin waɗanda ake samun komai a cikinsu daga firji har allura. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba na son ko a takardata ya samu talla kyauta. Ga yadda abin yake, ga waɗanda suke saye kawai ba su taɓa sayarwa ba. Akwai wani ɗan akwati a sama inda mai saye ke rubuta abin da yake nema. Yana rubutawa kaya za su zubo masa babu iyaka, shi kuma ba ya wuce na farko-farko. To wannan saman ba kyauta ake hawansa ba. Mai kaya ne zai zaɓi kalmomin da yake so a ga kayansa idan an rubuta su, ya faɗi abin da ya yarda ya biya duk lokacin da wani ya taɓa hoton kayan. Wanda ya fi tayi shi ke sama. Suna sa wani ɗan rubutu ƙanƙane da ke nuna talla ce, amma ban taɓa ganin mai saye da ya karanta shi ba. Na yi watanni kayana na can ƙasa kamar an jefa su rijiya, kafin na zauna na koyi abin. Na sa tayi a kan daddawa, da kayan miya, da miyar kuka. Wani ma'aikacinsu da ke kira na a waya ya ce in sa har a kan sunana, ba tsada tunda ba mai nemansa sai ni. Na yi dariya na sa. Kafin shekara ta zagayo, matan Arewa da ke zaune a Legas da Fatakwal ba sa ma rubuta daddawa, sunan Inna suke rubutawa kai tsaye.

A wannan tsakanin ne aka sallami Aminu daga aikinsa a wani kamfanin fasa dutse da ke Mpape. Ya zo mini duk ya faɗa, ga iyali, ga haya. Inna ta ce in kama hannunsa, ni ma ko ba ta faɗa ba zan kama. Na buɗe masa nasa shagon a kantin nan, muka yi da shi zai sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ni kuma daddawa, kada mu taka juna. Na haɗa shi da mai kawo mini kwalabe. Na zaunar da shi na nuna masa yadda ake zaɓen kalma, yadda ake ɗaga tayi, yadda ake kunna talla da kashe ta. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana shi ba. Har ya tambaye ni ko mutum zai iya sa tayi a kan sunan kayan wani. Na ce masa kamfanin bai hana ba, amma mu ba 'yan gidan da ake yin haka ba ne. Ya ce ai kuwa.

Inna ta rasu da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ana dawowa daga maƙabarta, mata sun cika falo da tsakar gida, sai na tuna kwalabenta na can suna ta bayyana a wayoyin mutane, ana talla da sunanta alhali ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Abin ya yi mini nauyi. Na shiga ɗaki na kashe tallar gaba ɗaya, na sa shagon a hutu, na ce sai bayan arba'in. Ban yi shawara da kowa ba, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ko mai rumfar tumatir in uwarsa ta rasu rufewa yake yi. Da na fito, Aminu ya shigo daga wurin maza ya tsuguna kusa da ni, idanunsa jajur.

"Yaya, kin tuna da shago kuwa? Kada a yi ta oda ba mai kula."

Na ce, "Na rufe. Tallar ma na kashe."

"Duka?"

"Duka, har ta sunan."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kin kyauta. Haka ya dace."

Wallahi a lokacin har na ji daɗi a raina. Na ce ashe yaron nan ya girma, cikin wannan tashin hankali ya tuna da nawa.

Bayan an yi sadakar arba'in na buɗe shago, amma ban kunna tallar ba tukuna, zuciyata ba ta dawo ba. Sai wata tsohuwar mai sayen kayana ta kira daga Fatakwal. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce tana jin nauyi amma gara ta faɗa. Wai tun da Inna ta rasu daddawar ta canza, miyarta ta yi wani gafi, maigidanta ya ture kwanon. Wai a zauren matansu na waya ana ta cewa ashe hannun tsohuwar ne, ta tafi da abinta. Na ce mata ni ban aika wa kowa kaya ba tun ranar rasuwa. Ta ce ita dai sunan Inna ta rubuta, ta ga jan murfi a sama, ta saya. Muna gamawa na ɗauki waya na rubuta sunan uwata da yatsana. Abin da ya fara fitowa kwalba ce irin tawa sak, jan murfi, an rubuta Daddawar Gida. A ƙarƙashinta sunan shagon Aminu. Tawa tana can ƙasa, sai ka ja allon sannan ka gan ta.

Na yi oda ɗaya kamar kowa, aka kawo mini, na ɗauke ta zuwa Sheda. Saratu ta buɗe ta shinshina, ta lasa, ta tofar gefe.

"Hajiya, wannan ba namu ba ne. Waken suya ne, an ɗan sa kalwa kaɗan don wari. Wane ne ya yi wannan?"

Na kasa ce mata ƙanina ne. Na ce wani ne a gari.

Daga can ban biya gida ba, Mpape na wuce. Mota ba ta kaiwa ƙofarsa, na hau wannan tudun da ƙafa, da gwiwoyina da kuka san halinsu, ko tsayawa hutu ban yi ba. Na same shi a ɗakin da yake ajiye kaya, buhuna jingine da bango, kwalabe a jere. Ya ga abin da ke hannuna ya sha jinin jikinsa, amma bai sunkuyar da kai ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

"Yaya, ki zauna mu yi magana ta hankali."

"Ba zama na zo yi ba. Yaushe ka kunna?"

"Ki duba kwalbar da kyau. Akwai sunan Inna a jiki? Babu. Ni kalma na saya, kalma kuwa ta kamfani ce, suna sayar wa duk wanda ya biya. Kin bar wurin fili. In ban hau ba wani a Legas zai hau, wanda bai ma san Inna ba. Ba gara abin ya tsaya a gida ba? Kuma uwarmu ce mu biyu, Yaya. Ba ke kaɗai ta haifa ba."

"Na ce yaushe ka kunna, Aminu?"

Ya kalli buhunan nan ya ce, "Ranar da kika kashe."

Ranar da na kashe. Wato ya tashi daga gefena ya koma kan tabarmar maza, ana miƙa masa hannu ana cewa Allah Ya ji ƙanta yana cewa amin, da ɗaya hannun kuma yana taya sunanta. Kuma buhunan nan ba daga sama suka faɗo ba, tun tana kwance a asibiti ya tanade su. Na ce masa da ya zo ya ce mini yana cikin matsi, da na ba shi daddawar gaske ya sayar. Da ma ta gasken ya sa a kwalbar ya riƙe mini wurin, da na yi masa godiya a gaban jama'a. Ya ce ta gasken ba riba. Na dire masa kwalbarsa a ƙasa na fita, na sauko tudun.

Na kira kamfanin. Ma'aikacin nan ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da muryarsa mai laushi kamar mai rarrashin yaro, "Hajiya, ai wannan nomal ne. Tunda bai sa sunanki a kayansa ba, ba shi da laifi a wurinmu. Ki ɗaga tayinki kawai, za ki koma sama." Sai na ɗaga. Na koma sama. Washegari da safe Aminu ya haura ni. Na sake ɗagawa, ya sake. Haka muka yi makonni, ni a Durumi shi a Mpape, ba ma gaisawa amma kullum muna amsa wa juna ta cikin waya. Ina idar da sallar asuba, kafin in yi wa Inna addu'a, sai in ga hannuna ya kai kan waya don in duba wa ke sama. Dangi suka shigo maganar. Baffanmu ya kira daga gida ya ce ni ce babba in yi haƙuri, wai abin duniya ne. Na ce Baffa, ka san abin da ya yi kuwa? Na yi masa bayanin akwati da kalma da tayi, ya ce shi dai bai gane ba, amma a yi haƙuri. A kan wannan Aminu ya dogara. Ya san ya yi abin da ba dattijon da zai iya kama shi da shi, don ba rumfar da za a nuna, ba kwandon da za a ce ya ture.

Abin da ya tsayar da ni kiran ma'aikacin nan ne wata ranar Litinin. Murna yake yi, har da dariya.

"Hajiya, barka! Sunan nan naki ya zama babba fa. Yanzu ba ku biyu ba ne, wasu ma sun gani sun shigo. Yana cikin kalmomi masu tsada a ɓangaren kayan miya. In kina so ki riƙe saman, sai kin ƙara sosai."

Na ce, "Sunan uwata ne."

Ya ce, "Eh, yana tafiya sosai, wallahi."

Na ajiye wayar na zauna. Ashe abin da ni da ƙanina muka yi ke nan. Mun ɗora Inna a kan tebur muna gwanjonta, baƙi sun ji hayaniya sun zo suna tayawa, mai teburin kuma yana karɓa daga kowa. Kuma ko na ci yau, gobe sai na sake saye. Duk ranar da na yi rashin lafiya, ko aka yi mini wani rashin na rufe, wani zai hau ya zuba wa mutane waken suya, a zagi Talatu. Ba ni da hanyar tsare sunan muddin ana nemansa a wannan akwatin. Sai na yanke in sa a daina nemansa.

Na sauke kayan daga kantin gaba ɗaya. Na zauna na bi masu sayen kayana ɗaya bayan ɗaya a waya, duk wadda nake da lambarta. Na gaya musu Inna ta rasu, an daina daddawa da sunanta, duk abin da suka gani a ƙarƙashin sunan nan ba namu ba ne, su gaya wa 'yan'uwansu. Wasu suka yi kuka, wasu suka ce in sake tunani. Na ɓare takardun jikin kwalaben da suka rage da farcena. Daga baya na fito da wani sabon suna, amma bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Mutane Inna suka sani, ba Hauwa ba. Kun ga yadda gidan nan ya koma a shekarun da suka biyo, kun ga motar da aka sayar, ba sai na tuna muku ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Sheda. Na rage aikin har ya zama mata kaɗan nake iya ɗauka, kuma Saratu, da Hausarta ta koyo, ba ta ɓoye mini ba.

"Hajiya, faɗa naka ne da ɗan'uwanka. Amma tukunya namu ne ya mutu."

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ma a wuyan Aminu na ɗora shi. Shi ma bai ci ribar ba. Da aka daina rubuta sunan, sai ya zama yana tsaye a ƙofar da ba mai bi. Waɗanda suka saya sau ɗaya ba su koma ba.

Shekara ta kusa zagayowa da rasuwar Inna, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga shi da ledar lemo da ayaba. Ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa bai hau kujera ba. Ya rame. Zan gaya muku gaskiya, da na gan shi haka duk fushin nan ya fara narkewa. Ƙanina ne, ni na goya shi. Na ce a raina in dai ya buɗe baki ya ce Yaya na yi kuskure, ba zan bari ya ƙarasa ba. Na shiga kicin da kaina na zubo masa tuwo da miyar kuka, da daddawar gasken, daga 'yar wadda na ajiye wa gida. Ya kai loma, ya rufe ido, ya ce kamar Inna na raye. Ya ci kusan rabi, sannan ya gyara murya.

"Yaya, dama wata magana ce ta kawo ni."

Na ce, "Ina jin ka."

"Na ga tunda kin daina amfani da sunan, kuma rajistar tana hannunki, yana zaune ne kawai a banza. Ko za ki sakar mini shi? In na sa shi a jikin kwalba, mutane za su dawo."

Na bar shi ya ci gaba da cin tuwonsa, yana ɗagowa yana duban fuskata yana jiran amsa, har ya sauke hannu. Na miƙa masa ruwa ya wanke. Sannan na tashi na ɗauki ledar lemonsa na sa masa a hannu, na buɗe masa ƙofa.

Rajistar tana nan, ina sabunta ta duk lokacin da ya kamata, kuma ba na sayar da ko ƙwayar kalwa da ita. Ku gaishe da kawunku in kun haɗu, ku je sunan jikokinsa, ban hana ku ba. Ni dai tun daga ranar bai sake cin tuwona ba.